Dafaffen Ƙwai Mai Sauƙin Ɓarewa: Tafasawa, Turarawa, Firesha Ko Na'ura?

Dafa ƙwai ba ya ba kowa wahala, a wurin ɓarewa ake shan takaici. Uwargida ta ƙwanƙwasa ƙwai, ɓawon ya ƙi sakin farin, ya riƙa fita gutsi-gutsi yana kwasar tsoka, abin da ya rage a hannu duk rami-rami. Idan salak za a yanka shi, asarar kaɗan ce. Amma wadda za ta jera ƙwai a kan farantin shinkafa gaban baƙi, ko ta tsoma shi sukutum a miya, ko mai sayar da abinci a Makka da Jidda da ke dafa kiret biyu kafin gari ya waye, wannan ba ƙaramin ɓacin rai ba ne. Hanyoyi biyar ne aka fi bi a gidajenmu a nan Saudiyya: ɗora ƙwai a ruwan sanyi, tsoma shi a tafasasshen ruwa, turara shi, dafa shi a tukunyar firesha, wato mai rufewa gam ta dafa da matsin tururi, da kuma ƙaramar na'urar dafa ƙwai ta lantarki. Duka suna dafa ƙwai, amma ba duka ke ba da ƙwai mai santsi ba.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuma mafi girma shi ne sauƙin ɓarewa, musamman idan ƙwan sabo ne, domin tsohon ƙwai kusan kowace hanya tana sakin ɓawonsa. Sai kuɗi: na sayen kayan aiki da na gas ko wutar da za a ci. Sai ƙarkon kayan. Sai sauƙin aikin kansa, wato ko sai an tsaya a kai, da yawan ƙwan da za a iya dafawa a tashi ɗaya. Na ƙarshe haɗari: fashewar ƙwai a tukunya, ƙunar hannu, da wuce dahuwa har gwaiduwa ta yi kore.

Duk mintunan da za a ambata a ƙasa na babban ƙwai ne, mai nauyin giram 55 zuwa 63, wanda aka ciro daga firji. Idan ƙanana ne a rage minti ɗaya.

Me ke sa ɓawo ya manne

Tsakanin ɓawo da farin ƙwai akwai tantani biyu sirara. Na cikin shi ne ke manne wa farin, shi ne kuma ke yage shi. Abubuwa uku ke yanke hukuncin ko zai saki.

Na farko, shekarun ƙwan, wato kwanakinsa. Ƙwan da kaza ta saka jiya cike yake da iskar kabon, ma'aunin pH na farinsa, wato lambar da ke hawa idan tsamin abu ya ragu, yana wajen 7.6 zuwa 7.9, kuma a wannan yanayin farin yana kama tantanin gam idan ya dahu. Ɓawo yana da dubban ƙananan ƙofofi, iskar tana fita ta nan a hankali, cikin mako guda ma'aunin ya haura zuwa wajen 9.2, riƙon ya yi sako-sako. A lokaci guda 'yar jakar iskar da ke ɓangare mai faɗi tana ƙara girma, ita ce ke ba yatsa wurin shiga. Shi ya sa ƙwai mai kwana 7 zuwa 10 ya fi daɗin ɓarewa. A nan kuwa ƙwan gonakin cikin ƙasa ne ke cika baƙala da manyan shaguna, yana isowa da wuri, don haka a duba ranar samarwa da ke jikin kwalin. Idan babu kwali, a sa ƙwan a kofin ruwa: wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya ɗaga kai ɗaya ya yi daidai da dafawa, wanda ya taso saman ruwa a zubar da shi.

Na biyu, yadda ƙwan ya fara haɗuwa da zafi. Farin ƙwai yana soma daskarewa a wajen digiri 62 zuwa 65, gwaiduwa kuma tsakanin 65 da 70. Idan zafi ya zo a hankali, farin yana samun lokacin da zai daskare a jikin tantanin ya like da shi. Idan zafi mai ƙarfi ya same shi farat ɗaya, farin da ke bakin ɓawo yana ƙanƙancewa nan take ya janye jikinsa. Wannan shi ne ya fi komai tasiri, kuma shi ne ya raba hanyoyin nan biyar gida biyu.

Na uku, sanyayawa bayan an sauke, kuma za a zo kanta, don a ƙasar nan tana da nata matsalar.

Ɗorawa a ruwan sanyi

Ita ce wadda yawancinmu muka tashi muka tarar. A jera ƙwai a tukunya, a zuba ruwa ya sha kansu da kamar santimita 2 zuwa 3, a ɗora. Da ya tafasa a kashe wuta, a rufe, a bar shi minti 12. Ba ta buƙatar sayen komai, tukunya kuwa ba ta mutuwa. Ƙwai ba ya yawan tsagewa tunda yana ɗumama tare da ruwan, kuma babu tsoma hannu kusa da tafasasshen ruwa, don haka ko yarinya mai koyon girki za a iya bar mata.

Amma a ma'auni na farko ita ce ta ƙarshe. Ruwan yana ɗaukar minti takwas zuwa sha biyar kafin ya tafasa, duk wannan lokacin farin yana likewa da tantani. Sabon ƙwai a wannan hanya kusan tabbas sai ya yage. Sannan lokacinta ba shi da tabbas: tukunya mai kauri ta fi ta gwangwani riƙe zafi, murhun lantarki yana ci gaba da zafi bayan an kashe shi, na gas kuwa yana mutuwa nan take. Wadda ta mance ta bar shi yana ta tafasa minti ashirin za ta tarar da koren zobe a kewayen gwaiduwa. Wannan zoben sinadarin ƙarfe ne na gwaiduwa ya haɗu da farar wutar da farin ke fitarwa idan ya sha zafi. Ba ya cutarwa, sai dai wari da muni, ga gwaiduwar ta bushe tana shaƙe mutum.

Tsomawa a tafasasshen ruwa

Tukunyar ɗaya ce, tsarin ne aka juya. A bari ruwa ya tafasa sosai, a sauke ƙwai a ciki ɗaya bayan ɗaya da matsami ko babban cokali har ya taɓa ƙasa, kada a saki daga sama. A bar shi a tafasa mai ƙarfi kamar daƙiƙa 30, sannan a rage wuta ya koma ɓararraka ƙasa-ƙasa, a ƙirga minti 11 zuwa 12. Minti 11 na ba da gwaiduwa mai ɗan laushi a tsakiya, 12 kuwa ta dahu har ciki ba tare da ta bushe ba.

Ɓarewa a nan tana da kyau ƙwarai, har da ƙwai mai kwana biyu ko uku. Lokaci ma yana da tabbas, tunda ruwan da ke tafasa zafinsa ɗaya ne ko wace tukunya ce. Inda take da rauni shi ne tsagewa. Ƙwai mai sanyin firji idan ya faɗa ruwan digiri 100, iskar cikinsa tana buɗewa da sauri, duk wanda ke da ɓoyayyen tsagu zai fashe, farin ya yi zare a ruwa. Tafasa mai ƙarfi kuma tana gwara su da juna. Maganin shi ne a duba kowane ƙwai a haske kafin a tsoma, a kuma rage wutar kamar yadda aka ce. Akwai wata matsalar ga mai dafa da yawa: ƙwai 20 masu sanyi a ruwa lita biyu suna kashe tafasar gaba ɗaya, ruwan ya ɗauki mintuna kafin ya dawo, a koma gidan jiya. Ƙwai 12 suna son ruwa aƙalla lita uku, wannan kuma gas ne da lokaci.

Turarawa

Wannan ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin mutane da yawa ba su taɓa gwada ta da ƙwai ba alhali madambacin yana nan a kicin. Ruwa kofi biyu kawai, zurfin santimita 2 zuwa 3 a gindin tukunya. A ɗora madambaci ko kwalandar ƙarfe ko ɗan kwandon turara mai buɗewa, yadda ruwan ba zai taɓa ƙwan ba. A rufe har ya tafasa tururi ya cika tukunya, abin da ba ya wuce minti biyu zuwa uku. Sai a buɗe, a jera ƙwai, a mayar da murfi, a bar wuta matsakaiciya, a ƙirga minti 12 zuwa 13. Idan an ɗora hawa biyu a ƙara minti biyu.

Tururi yana bugun ɓawo da cikakken zafi tun daƙiƙar farko, kuma sanyin ƙwan ba ya kashe tafasar ruwan da ke ƙasa, don haka ko kiret guda aka jera a babban madambaci aikin ba ya lalacewa. Ƙwan yana zaune wuri ɗaya, ba ya rawa, tsagewa ta ragu sosai. Wanda ma ya tsage, farinsa yana daskarewa a bakin tsagun maimakon ya watse. Gas ɗin da take ci shi ne mafi ƙanƙanta a cikin hanyoyin murhu. Kwandon turara na bakin ƙarfe ana samunsa da araha a shagunan kayan araha da ake kira Abu Khamsa da wuraren sayar da kayan kicin, kuma yana shekaru bai yi komai ba, sai dai 'yan fukafukansa su saki idan ana wulaƙanta shi.

Kurakuranta uku ne, duka kuma ana iya kauce musu. Murfi mai zubar da tururi yana sa ƙwan sama ya ƙi nuna, don haka a nemi murfin da ya zauna daram, kada kuma a riƙa buɗewa ana leƙe. Ruwa yana iya ƙonewa idan wuta ta yi yawa, kofi biyu a matsakaiciyar wuta yana kai minti 15 lafiya. Sai ƙunar tururi, wadda ta fi ta ruwa zafi: a buɗe murfin ta gefen da ke nesa da fuska, a ɗauki ƙwan da matsami.

Tukunyar firesha

Gidaje da yawa a nan suna da ita saboda nama da wake. A zuba ruwa kofi ɗaya, mililita 250, a sa 'yar maɗorin ƙarfe, a jera ƙwai a kai. Ta lantarki: minti 5 a matsi, minti 5 a bar tururin ya sauka da kansa, a saki ragowar, minti 5 ko fiye a ruwan ƙanƙara. Ta kan murhu kuma ana soma ƙirga ne daga lokacin da ta fara shewa. Zafin ciki yana haura digiri 110, ɓawon yana saki yadda ake so, ko da ƙwan jiya aka saka shi.

Sai dai ba ta da yafiya. Ƙarin minti biyu ya isa ya mai da farin ya yi tauri kamar roba, koren zobe ya fito. Kowace tukunya kuma da nata halin, dole a gwada da ƙwai biyu ko uku kafin a amince mata da kiret. Idan aka haɗa lokacin da take ɗauka kafin matsi ya taru, ba ta fi turarawa sauri ba. Ita ce mafi tsada a cikin kayan nan, robar bakin murfinta tana son canji duk shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ƙofar tururi idan ta toshe haɗari ce ta gaske. Wadda take da ita ta yi amfani da ita, amma sayenta don ƙwai kaɗai ɓarnar kuɗi ce.

Na'urar dafa ƙwai ta lantarki

Ita ma turarawa ce a ƙaramin jiki. Tana ɗaukar ƙwai 6 ko 7, masu hawa biyu su kai 12 zuwa 14. Tana zuwa da ɗan kofin awo mai allura a gindinsa, ana huda ɓangare mai faɗi na ƙwan, a zuba ruwa daidai layin da aka zana, a kunna. Idan ruwan ya ƙare sai ta yi ƙara ko ta kashe kanta. Wutar da take ja kaɗan ce, yawanci tsakanin wat 350 da 400. Ɓarewa tana da kyau, kodayake ba ta kai ta madambaci ba ga sabon ƙwai, tunda a cikinta ƙwan yake tun ruwan yana sanyi. Ruwan ne ɗan kaɗan, yana tafasa cikin minti ɗaya ko biyu, shi ya rage illar.

Ƙarkonta ne abin dubawa. Farantin da ke zafi yana tara farin gishirin ruwa, sai an riƙa goge shi da ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, duk mako ɗaya ko biyu. Murfin roba ne, yana tsagewa. Idan kofin awon ya ɓata, awon ya ɓata ke nan. A kuma duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta: wutar ƙasar nan 220 zuwa 230 ce, amma akwai tsofaffin gidajen da har yanzu ke da soket na 110 ko 127, a irinsu na'urar ba za ta yi zafin kirki ba.

Obin da tukunyar suya da iska suna dafa ƙwai, amma suna ɗaukar lokaci, suna bar masa ɗigo-ɗigon ƙuna, tantanin kuma ya bushe ya like. Maikirowef kuwa kada a kuskura a sa ƙwai da ɓawonsa a ciki, yana tarwatsewa, wani lokaci sai bayan an ciro shi a hannu.

| Hanya | Lokaci | Ɓare sabon ƙwai | Kuɗin kaya | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ruwan sanyi | minti 12 bayan tafasa | da wuya | babu | sosai | yagewa, wuce dahuwa |
| Tafasasshen ruwa | minti 11–12 | da sauƙi | babu | sosai | tsagewa |
| Turarawa | minti 12–13 | da sauƙi ƙwarai | kaɗan | sosai | ƙunar tururi |
| Firesha | minti 5 a matsi, 5 saukar tururi, 5 a ƙanƙara | da sauƙi ƙwarai | mai yawa | sai da canjin roba | tauri, toshewar ƙofa |
| Na'ura | har ruwa ya ƙare | da dama | matsakaici | kaɗan | lalacewar faranti |

Gishiri, khal, bakin soda da kanwa

Gishiri da khal ba sa sa ɓawo ya saki. Amfaninsu ɗaya ne: idan ƙwai ya tsage a ruwa suna sa farin ya daskare da wuri ya toshe tsagun. Bakin soda da kanwa ana zuba su ne da nufin su yi wa sabon ƙwai abin da kwanaki ke yi masa, amma kaɗan ne ke ratsa ɓawo cikin minti goma sha biyu, ga shi suna ƙara warin nan. Wadda ta fara da zafi ba ta buƙatar ko ɗaya.

Sanyayawa, da matsalar ruwan famfo

Ana cewa a zuba wa ƙwai ruwan famfo mai sanyi. Wanda ya zauna a Makka ko Madina ko Riyad daga watan Mayu zuwa Satumba ya san famfon ba shi da sanyi: tankin yana kan rufi rana na dukansa, da azahar ruwan yana ƙona hannu. Ƙwan da aka zuba wa wannan ruwan ci gaba da dahuwa yake yi. Don haka kafin a ɗora tukunya a tanadi ƙanƙara. Ƙwai 12 suna son kamar kilo ɗaya na ƙanƙara a ruwa lita ɗaya, su zauna ciki minti 10 zuwa 15. Idan babu, gorar ruwa biyu da suka kwana a firji za su yi, a juye ta farko, da ta yi ɗumi a zubar a juye ta biyu. Sanyin yana tsayar da dahuwa, yana hana koren zobe, yana kuma sa farin ya yi ƙarfin da yatsa ba zai yage shi ba.

Wajen ɓarewa a fara ƙwanƙwasa ɓangare mai faɗi inda jakar iska take, a mirgina ƙwan a kan faranti da tafin hannu har ɓawon ya tsattsage ko'ina. A sa gefen babban yatsa ƙarƙashin tantanin, ba farce ba. Idan aka ji santsin farin ƙwai a yatsa, an shiga daidai, ɓawon zai fito a faffaɗan yanki biyu ko uku. Idan aka ji ƙaiƙayi-ƙaiƙayi kamar takarda, tantanin yana nan, a sake nemo bakinsa. Ɓarewa a cikin kwanon ruwa tana taimakawa, ruwan yana kutsawa tsakani.

Dafaffen ƙwai da ɓawonsa yana mako guda a firji. A waje kada ya wuce awa biyu, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce, abin lura ga masu ɗaukar guzuri zuwa Harami ko masu ajiye abincin sayarwa a mota.

Wace ce ta wa

Uwargida mai dafa ƙwai 6 zuwa 15 don karin kumallo da ful da tamis, ko don sahur a watan azumi, ta ɗauki turarawa. Ita ta haɗa sauƙin ɓarewa da araha da tabbacin lokaci. Idan babu madambaci a kusa, tsomawa a tafasasshen ruwa ce ta biyu, da sharaɗin ruwa mai yawa da wuta ƙasa-ƙasa.

Mai sayar da abinci da mai aikin biki ko suna, wadda ke dafa kiret ɗaya zuwa uku, ta haɗa abu biyu: ta sayi ƙwan mako guda kafin ranar ta ajiye a firji, sannan ta turara a babban madambaci, hawa biyu iyaka, minti 14 zuwa 15, da buhun ƙanƙara a gefe. Firesha tana yi mata idan ta riga ta san halin tukunyarta.

Ɗalibi a Madina ko ma'aikaci mai ɗaki ɗaya da ba shi da murhu, na'urar lantarki ce tasa, in dai dokar masaukin ta yarda da ita. Ya riƙa goge farantin, ya adana kofin awon.

Mazauna Ɗa'if da Abha lissafinsu daban ne. Ɗa'if tana sama da teku da fiye da mita 1,800, Abha ta haura 2,200, kuma duk hawan mita 300 yana rage zafin tafasar ruwa da kusan digiri ɗaya, don haka ruwansu yana tafasa ne a wajen digiri 93 zuwa 94. Su ƙara minti biyu zuwa uku a kan tafasawa da turarawa, su bar hanyar kashe wuta a rufe, don ruwan bai kai zafin na sauran garuruwa ba, minti 12 ba lalle ya dafa gwaiduwa har ciki ba. A can firesha ta fi ko'ina amfani.

Ruwan sanyi kuma a bar shi ga ƙwan da ya yi kwana goma ko fiye, ko wanda za a daddatsa a salak da cikin sambusa, inda babu mai ganin fuskarsa.